Hawa Ɗari na Hajiya Turai

Ranar da na fara kwance bandejin ƙafar Hajiya Turai, ciwon bai fi ƙwallon dabino ba. Ina so a riƙe wannan da kyau, domin daga baya mutanen gidanta sun yi ta magana kamar da ruɓaɓɓiyar ƙafa aka haife ta.

Sunana Rahamatu, nas ce ni a wani ƙaramin asibiti da ke unguwar Sharafiyya a Jidda, shekarata shida da barin Zariya. Ina haya a wani ɗaki da ke jikin gidansu a Ruwais, inda Hajiya Turai ke zaune da ɗanta Abdulghaffar da matarsa Lujain. Shekarunta saba'in da uku, a Jidda aka haife ta, amma Hausar bakinta ta girmi tawa. Tana da ciwon suga. Ƙusa ta taka a tafin ƙafar dama, ba ta ji ba sai da ta ga jini a takalmi.

Likitanmu, Dakta Raed, ba ya son dogon bayani. Ya duba ciwon ya faɗi abu biyu: a riƙa kawo ta wanki, yau a zo gobe a huta, kuma kada ta taka ƙafar.

"Daga ƙofa zuwa ƙofa, a mota," in ji shi. "Ciwon tafin ƙafa ba ya warkewa ana tafiya a kansa."

Abdulghaffar yana tsaye cikin farar jallabiya da ta sha guga, yana gyaɗa kai, har ya rubuta a waya. Sati guda cur ya kawo ta da kansa, yana buɗe mata ƙofa yana riƙe mata jaka. Muka ce ga ɗan albarka. Sai kuma ci gaba ya shigo unguwarmu.

Abdulghaffar babba ne a wani kamfani da ke gwajin bas mai tuƙa kanta. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ina son aikina. Farar mota ce kamar firjin da aka kwantar aka sa wa taya, ba sitiyari, ba direba, ba hayaƙi, da lantarki take tafiya. Tana tashi daga bakin Ruwais ta je Sharafiyya ta zagayo. Aikin da aka ɗora masa shi ne ya kawo hujjar cewa kowa zai iya hawanta. 'Yan makaranta sun samu, ma'aikata sun samu, amma tsofaffi suka ƙi fur. Ana neman mutum ɗaya da ya haura saba'in ya hau sau ɗari, a sa shi a rahoto. Allah da ikonsa, ga shi da tsohuwa a gida, kuma tana da wurin zuwa.

Ina wurin ranar da ya gaya mata. Na kai mata magani bayan la'asar, sai ya shigo da wani kati mai shuɗin zare, ya rataya mata a wuya.

"Ummi, daga gobe halas, shi ke nan, kin huta da jiran kowa. Mota ce ba direba, ba mai yi miki tsawa, ga sanyi. Wannan shi ake kira istidama, ya'ani ci gaba mai ɗorewa. Jikokinki za su shaƙi iska mai kyau saboda ke."

A nan sai na yi bayani, don kada a ce tsohuwar ba ta da baki. Tana da shi, kuma mai kaifi, masu kayan miya na Bab Makka sun sani. Amma Abdulghaffar ɗan farinta ne. Irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar ibada: ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta roƙonsa komai, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana da shekara arba'in da shida da furfura a gemu, amma "yaron nan" take ce masa, shi ma sai ta bakin wani. A Zariya ma wannan al'adar ta yi sauƙi, amma ita daga bakin uwarta ta ɗauka, ta adana ta tas kamar kwanon gara. Shi kuma ya san da haka sarai. Na sha jin yana ba abokansa Larabawa labarin yana dariya, wai al'adarmu ce mai kyau.

Ta juya ta kalli bango, ta ce, "Sista, ki ce masa Allah ya yi albarka."

Na ce, "Amma Ustaz, likita ya ce kada ta taka."

"Taku nawa ne, Sista? Tashar tana nan bakin titi. Kuma tafiya magani ce ga mai suga, ke da kike nas ai kin fi ni sani." Ya sunkuya kusa da ita. "Ummi, akwai mushkila?"

"Alhamdulillahi," ta ce wa bangon.

"Kin ji ko?" in ji shi.

Tun da ya tambayi taku nawa ne, washegari na ƙirga masa. Daga ƙofar gida zuwa tashar, taku ɗari takwas da arba'in ne da ƙafata mai lafiya, domin lungunan Ruwais sun yi wa motar ci gaba ƙanƙanta, ba ta shiga. Daga inda take saukewa zuwa asibitinmu kuma ɗari uku da 'yan kai. Haka za ta maimaita a dawowa. Watan Yuni ne, lokacin da iskar Jidda take kamar tururin tukunya.

Shi kuwa yana da jibgegiyar mota mai shan fetur ba ƙaƙƙautawa. Da bakwai da kwata yake fita, ya iske ta a lungu tana dogara sanda, ya yi mata hon ɗan kaɗan na girmamawa ya wuce. Na tambaye shi me zai hana ya rage mata hanya ko zuwa tashar ne. Ya ce idan ya ɗauke ta gwajin ya lalace, domin so ake a ga tsoho mai dogaro da kansa. Na tambaye shi shi me ya hana shi hawa bas ɗin, tun da iskar jikokin ta shafe shi. Ya ce shi lokacinsa a ƙayyade yake.

Wata Asabar da ba ni da aiki na bi Hajiya. Mun isa tashar gumi ya jiƙa mata baƙar abaya. Rumfar tashar ta gilashi ce, kyakkyawa ƙwarai a hoto, sai dai inuwarta a tsakiyar titi take faɗawa. Motar ta zo shiru kamar mara gaskiya, ƙofa ta buɗe. Daƙiƙa ashirin take yi a buɗe, an auna, masana sun ce ya isa. Hajiya Turai ta gyara mayafi, ta yi bisimilla, ta mayar da sanda hannun hagu, ta ɗaga ƙafar dama, domin tun da take ba ta taɓa shiga wuri da hagu ba. Ƙafar dama kuwa ita ce mai ciwon. Kafin ta sami inda za ta dafa, wata muryar mace ta sanar da Larabci da Turanci cewa ƙofa za ta rufe, kuma ta cika alkawari. Motar ta tafi abinta, babu kowa a ciki.

"Kullum haka take yi miki?" na tambaye ta.

"A'a, wata rana ina samun ta farko. Ita ma tana da uzurinta."

Muka jira minti ashirin da biyar. Ta biyun na tare ƙofar da jikina har ta shiga. Ta yi sallama, ba wanda ya amsa, ta amsa wa kanta. A hanya kyanwa ta gitta, motar ta ja birki nan take, tsohuwar ta zame ta doka ƙafar a ƙasa. Tasbaharta kawai ta tsaya. Na yaba wa motar, tana da tausayin dabbobi, kuma Jidda ba ta rasa kyanwoyi.

Ba faɗa nake da bas ɗin ba. Tana da tsabta, ba ta tusa wa mutane baƙin hayaƙi, kuma ba ta taɓa cewa ita 'yar kowa ce ba. Abin da aka gina ta ta yi, shi take yi.

A sati na uku ciwon ya kai faɗin murfin kwalba. A na biyar ya yi rami, gefensa ya yi fari, bandejin yana zuwa mana a jiƙe da ƙasar lungu a jikinsa. Dakta Raed ya tambaye ta ko tana takawa. Ta ce kaɗan. Ya rubuta takarda da jan biro ya ce a kai wa ɗanta. Ni na kai da hannuna. Abdulghaffar ya karanta, ya ce wallahi ya ji daɗin yadda asibitinmu ke kula, zai duba lamarin. Ya duba kuwa, domin bayan kwana biyu ya sayo mata takalmin motsa jiki mai tsada, mai laushin ciki, wanda kumburarriyar ƙafar ta ƙi shiga.

Sai na kawo shawarar da duk mai hankali zai kawo. Na ce ga ni a jikin gida, in riƙa wanke mata ciwon da yamma in na dawo, ba sai ta fita ba. A tsakar gida muka yi maganar, yana goge gilashin motarsa.

"Sista, Allah ya saka. Amma kina da izinin aiki a wajen asibiti?"

Na ce ba ni da shi, amma wankin ciwo ne kawai, kuma uwa ce a gare ni.

"Na sani, na sani. Ni don ke nake tsoro. Mutane ba su da kirki, wani ya kai magana, a taɓa miki iƙama, takardar zamanki, kafilin da ya tsaya miki ya ji. Ga ki baƙuwa, ga yara a Najeriya. Ba zan yafe wa kaina ba."

Ya faɗa da murmushi, da murya mai taushi. Na gane abin da ya ce da abin da bai ce ba. Kuma gaskiya ita ce na ji tsoro, na ja bakina na yi shiru. Har yau in na tuna wannan shirun sai in ji na tsani kaina.

Wata rana a watan Yuli, bayan mun gama wanki, na ga ba za ta iya komawa tashar ba. Na tsayar da tasi na sa ta a ciki ba tare da na saurari ƙinta ba. Kafin magariba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, waya a hannu. Katin wuyanta yana aika masa da saƙo duk lokacin da ta hau, yau kuma ya ga zuwa bai ga dawowa ba. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya yi mini bayanin yadda hawa ɗaya da aka tsallake ke ɓata layin zane a rahoto, da yadda tasi guda ke fitar da hayaƙin da itace kaza ba za su shanye ba.

Washegari ita da kanta ta riƙe mini hannu. "Rahamatu, kada ki ƙara. Aikin yaron nan ne. In ban hau ba, shi za a ga gazawarsa."

"Hajiya, ƙafarki ce fa. Ki gaya masa tana miki ciwo, da bakinki, sau ɗaya tak."

Ta dube ni kamar na ce ta fita ba mayafi. "Ni? In buɗe baki in roƙe shi? Yana da ido ai."

Yana da ido, biyu, da tabarau mai tsada a kansu.

Na koma wajen Lujain, tun da ita ma tana da motarta. Na same ta da hantsi tana shirin zuwa wurin motsa jiki. Yarinya ce mai fara'a, tana jin Hausa amma ba ta cika juya ta ba.

"Wallahi ya Sista, ina son Khala kamar mamata. Amma Sharafiyya zahma, cunkoso, ni ina tsoro. Kuma Abdulghaffar ya ce kar in shiga shugul nasa, aikinsa." Ta rage murya. "Kuma, ya'ani, akwai wari kaɗan yanzu. Kujerar mota fata ce, tana kamawa."

Akwai wari, ba ƙarya ta yi ba. Tuni ma ta mayar da cin abincin tsohuwar ɗakinta, ta sayo mata turaren wuta mai kyau. Daga wurina ta wuce ta je ta yi tafiyar kilomita biyar a kan injin da ba ya zuwa ko'ina, domin tafiya magani ce.

Akwai 'yar autar Hajiya mai suna Bayan, tana aure a Dammam, ita ce wadda Hajiya ke iya yi wa magana baki da baki. Na kira ta na gaya mata komai. Ta yi kuka sosai a waya, kukan gaske. Sannan ta ce ta yi magana da Yaya, Yaya ya ce komai yana tafiya daidai, har an yabi Ummi a ofis, kuma ita mace a gidan wani ba za ta tsallake babban wa ba. Ta aiko da man zaitun da kwandon dabino, ga mai ciwon suga.

Rana ɗaya ce a cikin watannin nan Hajiya Turai ba ta taka lungun ba, ranar da masu ɗaukar hoto suka zo. Ranar motar Abdulghaffar ta iya shiga har ƙofar ɗakinta. Aka sa mata sabuwar abaya, aka kai ta tasha cikin sanyi, aka sa injiniya ya riƙe ƙofar bas ɗin a buɗe har minti goma. Suka ɗauke ta daga ƙugu zuwa sama. Ɗanta ya tsaya a gefenta, hannu a ƙirji, yana cewa da Larabci: "Ba na tallar abin da ban yarda da shi ba. Mahaifiyata ce wannan." Aka ce ta yi murmushi, ta yi. Hoton ya zagaya wayoyi, mutane suna ta sa albarka ga ɗan da ya 'yantar da uwarsa daga jiran direba.

A ƙarshen Agusta babban yatsan ya yi baƙi. Dakta Raed ya ce a kwantar da ita a babban asibiti, yau ba gobe ba. Ya kira Abdulghaffar da kansa ina jin su. Abdulghaffar ya ce tabbas, ba shakka, zai shirya, a ba shi kwana goma kacal ya ga wani ƙwararren likita abokinsa, domin ba ya son a yi wa Ummi gaggawa. Na ƙirga a zuciyata. Ta hau sau tamanin da tara. Kwana goma, in an haɗa zuwa da dawowa, saura ƙiris a cika ɗari.

Ranar Talatar da abin ya faru, na fita aiki tun shida, na leƙa na ga tana zaune a bakin gado tana rawar sanyi. Na ce kada ta fita, zan roƙi likita ya aiko motar asibiti. Ta ce to. Na san irin wannan to ɗin.

Tara ta yi ba ta iso ba. Goma ta yi. Na kira Lujain, waya a kashe. Na kira Abdulghaffar.

"Kar ki damu, Sista, ga ta nan ina ganinta a taswira. Tana cikin bas, tana tafiya lafiya."

"Tun yaushe take ciki?"

"Ina cikin taro, zan kira ki."

Da sha biyu na bar marasa lafiya a layi na fita zuwa tashar Sharafiyya na tsaya. Motar ta zo, ƙofa ta buɗe. Tana kujerar baya, kanta a jingine da gilashi, sandarta a ƙasa. Zazzaɓi ya kwantar da ita tun hawan safe, ta kasa miƙewa cikin daƙiƙa ashirin, sai motar ta wuce da ita. Ta kai ta Ruwais, ta dawo da ita Sharafiyya, ta sake kai ta. Mutane sun shiga sun fita, sun ga tsohuwa tana barci, ba su so su tashe ta ba. An ce akwai wani ma'aikaci a ofis mai kallon cikin motocin ta kyamara, shi ma tsohuwa mai barci ya gani. Tsoffin direbobin ƙananan bas da muke zagi, masu tofar da yawu ta taga, da ɗayansu ne da tuni ya daka mata tsawa cewa Hajja an zo ƙarshen hanya, ya ga ba ta motsa ba.

Na danna jan maɓalli, motar ta tsaya tana ƙara. Wasu mutum biyu daga shagon yadi suka taimaka muka fito da ita. Jikinta kamar garwashi, ruwan ciwon ya ɓata ƙasan motar mai tsabta.

Muna cikin motar asibiti saƙo ya shigo wayata daga Abdulghaffar, wanda ya tura wa duk mutanen da ke wayarsa. Na'urar tana ƙirga kowane zagaye a matsayin sabon hawa. Da safe ta hau na casa'in da shida, zagaye huɗu suka cike sauran. Saƙon hoto ne na lamba ɗari da furanni, a ƙasa ya rubuta: Alhamdulillahi, Ummi ta yi.

Kwana uku likitocin babban asibiti suna ƙoƙarin ceto ƙafar. Ranar Juma'a da safe suka yanke ta, ɗan ƙasa da gwiwa.

A barandar asibiti na ji uzurori kala-kala, kowa da nasa a goge. Lujain ta ce da ta san ya kai haka, wallahi da ta shimfiɗa leda a kujera. Autar Hajiya, Bayan, ta iso daga Dammam ta ce ba wanda ya gaya mata gaskiyar lamarin. Dangi suka ce ciwon suga ke nan, haka ya yi wa wance, haka ya yi wa wane, ƙaddara ba ta da magani. Abdulghaffar ya yi kuka har da sheshsheƙa, mutane suna dafa shi. Da ya ga ni kaɗai ce ban dafa shi ba, ya matso.

"Sista, ke shaida ce. Na tambaye ta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta taɓa ce mini tana jin ciwo? Ta taɓa ce mini in ɗauke ta?"

Na ce, "Ba ta taɓa ba."

"To kin gani."

Na gani. Na ga mutumin da ya san uwarsa ba za ta taɓa roƙonsa ba, ya mayar da wannan kunyar takardar izini. Ya san in ya tambaye ta sau dubu, alhamdulillahi za ta ce wa bango sau dubu, shi ya sa yake tambayar a gaban shaidu. Mu kuma shaidun muka tsaya, kowa yana tsare abin da yake tsoron rasawa: wata kujerar fata, wata zaman lafiya da Yaya, ni kuma iƙamata. Ana ta tambaya a tarurruka ko waɗannan motocin za su kawo ci gaba mai ɗorewa. Ni ban sani ba, nas ce ni. Wataƙila su kawo, in an kai tasha inda tsofaffi suke, in an bar ƙofa ta jira mai jan ƙafa, in akwai ɗan Adam ɗaya da aikinsa shi ne ya duba fuskar wanda ke zaune a baya. Abin da na sani shi ne a cire direba daga mota abu ne mai sauƙi, injiniyoyi sun iya. A gidan Hajiya Turai kuwa ba direba kaɗai aka cire ba, duk wanda zai ce "wannan nauyina ne" an cire shi, aka bar tsohuwa da na'ura, sannan aka kira abin 'yanci. Rahoton ya samu karɓuwa, an ce, har an ƙara wa Abdulghaffar matsayi. Iskar unguwarmu kuma ban ji ta canja ba, amma ni hancina ya saba da warin asibiti.

Bayan wata guda aka sallamo ta. Ta rame, zanen gadon ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da. Wani lokaci takan miƙa hannu ta sosa wurin, sai ta tuna, ta mayar da hannun kan tasbaha. Yanzu ba mai hana ni wanke mata dungulmin a gida, amma likita ya ce sai ta riƙa zuwa gashi da koyon zama sau uku a sati.

Ran Asabar da yamma ina naɗa mata bandeji sai ga Abdulghaffar ya turo sabon keken guragu, ledarsa ma ba a cire ba. Ya durƙusa a gabanta, idonsa ya yi ja, ya ce ya sayo mafi kyau a Jidda, mai batir, ba sai an tura ta ba. Na ji zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ashe dai akwai sauran imani.

Sai ya share ido ya gyara murya.

"Ummi, kin san sababbin bas ɗin da muka kawo suna da wani faranti da ke saukowa da kansa, keke ya hau ba tare da kowa ya taimaka ba. Babu irinsa a duk yankin nan. Sai dai har yanzu ba mu sami mai keke da zai gwada mana ba. Hamsin kawai ake so wannan karon, ba ɗari ba." Ya ɗan dakata. "Amma sai in kin yarda. In akwai mushkila ki faɗa."

Na tsaya da bandeji a hannu. Hajiya Turai ta daɗe tana kallon bango. Sannan ta ja zane ta rufe dungulmin, don kada ɗanta ya gani ransa ya ɓaci.

"Sista," ta ce, "ki tambaye shi ƙarfe nawa motar take zuwa."

Na tambaye shi. Ya ce bakwai da rabi.